Fayil ɗin da Ya Fita da Sunansa

Ranar da ta fara ganinsa, ƙafafunsa kawai ta gani. Yana kwance a ƙarƙashin tebur a ɗakin kwamfutocin jami'a yana fama da wayoyi, ita kuwa ta shigo a fusace, ɗalibanta ɗari biyu na jiran aikin da ya ƙi hawa shafin karatu.

"Malam, wai kai ne ka jajibo mana wannan masifar?"

Ya fito da ƙura a gwiwa, ya dube ta, sai ya manta abin da ke hannunsa.

"Ni ne, Malama. Kin gwada kashewa ki sake kunnawa?"

Ta galla masa harara. Ashe haka yake ce wa kowa, har ɗalibai suka laƙaba masa Kashe-kunna. Injiniya ne a sashen kwamfuta, kuma shi ya yi ta naci har jami'a ta bar manhajar kamfani ta koma buɗaɗɗiya, irin wadda kowa a duniya zai iya leƙa cikinta, ya gyara, ya mayar kyauta. Cikin minti biyar ya gyara mata shafin. Ta fita ba ta ce na gode ba, amma washegari ta dawo da wata matsalar da ita kanta ta san ba matsala ba ce.

Kafin zangon karatu ya ƙare, duk wanda ke da ido ya gane. Yana kiranta Malamata, tana kiransa Injiniyana. Da rana tsaka tana cikin duba takardu sai saƙo ya shigo:

"Malamata, yau shafi bai tsaya ko sau ɗaya ba. Ni ne na tsaya, tunda ban gan ki ba."

Sai ta kife wayar tana murmushi kamar wata sakarya.

Matsalar ita ce Abba. Mahaifinta farfesa ne, shugaban tsangayar da take koyarwa, mutum mai faɗa ɗaya.

"Wannan yaron mai raba guminsa ga duniya kyauta?" in ji shi. "Wanda bai iya rufe aikinsa ba, shi zai iya rufe sirrin gida?"

Abba yana da nasa gwanin: ɗan abokinsa, wakilin kamfanin da aka kori manhajarsu. Mutum ne tsaf-tsaf, ƙamshinsa na riga shi shiga ofis, yana son Malama, yana kuma son jami'a ta dawo hannunsu. Umma ce kawai ke cewa, "Haba Farfesa, ka bar yarinya ta zaɓa."

Sai ga ranar Litinin ɗin nan, saura kwana uku a fara jarrabawa. Aka wayi gari tambayoyin sashensu gaba ɗaya suna yawo a wayoyin ɗalibai. Hankalin Malama ya tashi, domin ita ce mai kula da jarrabawar sashen, tambayoyin kuma a filashinta na ajiyar fayiloli kaɗai suke. Wakilin kamfani ne ya fara gano inda suka fito, ya buga takarda ya kai wa Abba da hannunsa. Fayil ɗin yana cikin ma'ajiyar manhajar nan ta intanet da kowa ke shiga. A wannan ma'ajiya kuwa, duk wanda ya ƙara ko da ɗigo ne, sunansa da lokacin na nan a rubuce, ba sa goguwa. Sunan da ke kan fayil ɗin na Injiniya ne.

Aka soke jarrabawa, aka dakatar da shi, aka kafa kwamiti, Abba ne shugaba. In laifin ya tabbata, kora ce, kuma babu jami'ar da za ta sake ɗaukarsa. Maganar aure kuwa, Abba ya ce kada a ƙara tayar masa da ita.

Ta tare shi a bakin matakala yana ɗauke da kayansa a kwali.

"Ka dubi idona ka faɗa min. A filashina ka ɗauka?"

Ya sunkuyar da kai.

"Sunana ne a kai, Malamata."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan!"

"Ita ce amsar da nake da ita."

Wallahi da marinta ya yi da ya fi mata sauƙi. Ashe duk dariyar nan, duk saƙonnin nan, filashinta ake bi? Ta shiga ofis ta kulle ƙofa ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Da yamma ta tura masa:

"Na yarda da kai fiye da kaina. Kada ka sake kirana."

Amsar ta zo nan take: "To. Ki ci abinci, don Allah. Na san ba ki ci ba."

Kwana tara ba ta ji muryarsa ba. Ta rame, ta daina fira a gida. Wakilin kamfani ya samu hanya, kullum yana falonsu yana jajantawa da bakin da bai iya ɓoye murna ba.

"Ai na faɗa tun farko," in ji shi ranar nan. "Abin da ke buɗe, kowa na gani. Ni da kaina na shiga na ga komai, har da ƙarfe nawa ya tura."

Kowa na gani. Ita fa ba ta taɓa dubawa da idonta ba, labarin takardar da aka buga kawai ta ji. Washegari da safe ta zauna a ofis ta buɗe ma'ajiyar, ta bi jerin gyare-gyaren ɗaya bayan ɗaya har ta iso kan fayil ɗin. Laraba, sha ɗaya da minti arba'in. A ƙasa akwai ɗan bayanin da mai turawa ke rubutawa:

"Na gyara jagorar malamai. A yi haƙuri in da kuskure, sabon hannu ce."

Rubutunta ne.

Ta tuna ranar sarai. Ita ta nace sai ya koya mata yadda ake ba da gudummawa, tana so ta gyara jagorar da malamai ke ƙorafin ba sa ganewa. Kwamfutarta ba caji, ya ba ta tasa, aka kira shi babban ɗakin taro gyaran majigi. Ta jawo jagorar daga filashinta, ashe ta haɗo da fayil ɗin da ke kusa da ita, ta danna umarnin da ke tattara duk abin da ke cikin folda ya tura. Har tafi ta yi wa kanta ranar. Shi kuwa tun ranar Litinin ya karanta wannan layin, ya gane, ya yi shiru don ya kare ta. Ita ba ta cika shekara da ɗaukar aiki ba, kuma 'yar shugaban tsangaya ce.

Ta kira shi.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya ce, "Ni na bar miki kwamfuta a buɗe da sunana. Laifina ne ai."

"Ƙarya kake, Injiniyana. Ka bar ni na zage ka!"

"Malamata, ki rufa min asiri ki yi shiru. Ni zan samu wani aikin. Ke fa? Abba fa?"

Ta kashe wayar. Kwamiti na zama ƙarfe goma, saura minti ashirin.

Ba a gayyace ta ba, ta tura ƙofa ta shiga. Mutum bakwai a dogon tebur, Abba a tsakiya, Injiniya shi kaɗai a kujerar gefe yana girgiza mata kai. Ta haɗa kwamfutarta da majigi, layin nan ya fito ɓaro-ɓaro a bango.

"Ranka ya daɗe, ni na rubuta wannan. A wannan lokacin shi yana ɗakin taro, mutum ɗari sun gan shi. Ni na tura, da kuskure, da kwamfutarsa."

Abba ya cire tabarau ya daɗe yana kallon bangon. Ya san rubutun 'yarsa, ita ce mai ba da haƙuri tun kafin ta yi laifi. Ya juya ga Injiniya.

"Ka sani?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Kuma ka zauna muna shirin korar ka?"

Abba ya tattara takardunsa, ya ce ba zai shugabanci zaman da 'yarsa ke ciki ba, ya fita. Ta ga yadda kafaɗunsa suka sauka, abin ya soke ta har zuci.

Hukunci bai yi mata daɗi ba. An karɓe kula da jarrabawa daga hannunta, an sa mata takardar gargaɗi a fayil, an ɗage tabbatar mata da aiki shekara guda. Shi ma an gargaɗe shi kan ba da kwamfuta, aka mayar da shi bakin aiki. Wakilin kamfani ya ɗauke ƙafa daga falonsu ba ko sallama.

Sati biyu Abba bai yi mata magana ba. Tana gaishe shi, ya ɗaga hannu kawai. Ranar nan da safe tana zuba masa shayi, bai ɗago daga jaridarsa ba ya ce, "Ki ce wa yaron nan ya turo manyansa."

Butar ta kusa suɓuce mata.

An ɗaura aure bayan jarrabawar da aka sake. Da za a tafi da ita, ta durƙusa gaban Abba tana kuka, tana neman gafarar kunyar da ta ja masa. Ya dafa kanta.

"Kin ba ni kunya ta kwana ɗaya. Da kin yi shiru, da kin ba ni ta har abada." Ya kamo hannun Injiniya ya ɗora a kan nata. "Kai kuma, ka daina ɗaukar kaya kai kaɗai, yanzu ku biyu ne. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Umma ta ce amin da ƙarfi, tana share hawaye da gefen mayafi.