Ciwon da Aka Ce wa Inna Raki Ne

Auta na kwance a falo da kwalbar ruwan zafi a mararta, sai ga surukarta Inna ta shigo, Gwaggo, ƙanwar marigayi mijin Inna, na biye da ita. Ita Gwaggo tun da aka saya mata babbar waya ta zama likitar dangi, ba karatu ba allura.

"Ga shi nan ɓaro-ɓaro!" in ji Gwaggo tana nuna wayar. "Wannan endometiriyosis da aka ce tana da shi, hanyar kansa ce, ciwon daji!"

Inna ta dubi ɗanta. Shi kaɗai Allah ya ba ta, shi ya sa kowa ke ce masa Ɗan Inna. "Ka sallame ta cikin mutunci. Ba ƙin ta nake yi ba, tsoro nake ji ka ƙare kuruciyarka a jinya, ba ɗa ba jika."

Hawaye ya zubo wa Auta. Tana son mijinta, ta kuma san bai taɓa musa wa uwarsa ba.

"Na ji, Inna," ya ce a hankali. "Amma don Allah ki raka mu asibiti gobe tukuna."

Washegari suka je asibiti har da Gwaggo, likitar kuwa ba ta ɓoye komai ba. "Gaskiya ciwon yana ɗan ƙara haɗarin kansar wurin da ƙwan haihuwa yake. Amma ƙarin kaɗan ne, Mama. Mafi yawan masu shi har su tsufa ba sa gamuwa da ita. Ta dai riƙe magani, ta riƙa zuwa ana duba ta."

"To shi ciwon mene ne?" in ji Inna.

"Irin naman da ke cikin mahaifa ne yake tsirowa a waje. In al'ada ta zo, mara ta murɗa har mace ta kasa miƙewa. Wata ma haihuwa kan yi mata jinkiri."

Inna ta matso kusa da likitar. "Har ya riƙa sauka cinya?"

"Har cinya."

"Ni kuwa ce mini aka yi raki ne." Muryar Inna ta raunana. "Shekara da shekaru ina rarrafe duk wata. Har dangin babansa suka ce ya rabu da ni... ya ƙi."

Gwaggo ta zura wayarta cikin jaka, ta shiga kallon silin.

Da suka koma gida, Inna da kanta ta dafa ruwa ta cika kwalbar, ta ɗora wa Auta a mara. "Yafe mini, 'yata. Ba inda za ki."

Auta ta riƙe hannunta, wani sanyi ya ratsa zuciyarta. Haƙurinta bai faɗi ƙasa banza ba. Mai ciwo ba hukunci yake nema a wurin dangi ba, wanda zai yarda cewa da gaske yana jin zafin yake nema.