Kwalejin da Lola Ta Gina

"Ning, ki kalle ni mana! Ajin falsafar bana ko benci ɗaya bai cika ba. Me kike gadi a nan?"

Na sunkuyar da kai. A gaban ɗakin karatu muke tsaye, inda ni da Efren muka fara haɗuwa muna ɗalibai. Ya samu aikin koyarwa a Kanada, so yake mu yi aure mu tafi tare.

"Lola, kakata, ita ta gina kwalejin nan, Efren. Tunda ɓarin jikin Tatay, mahaifina, ya shanye, wa zai riƙe ta in ba ni ba?"

"Yaran garin nan na Iloilo yanzu aikin asibiti suke so, ko na jirgin ruwa! Wa zai ci adabi da tarihi?"

"Kai me ka ci har Kanada ta neme ka?"

Ya yi dariya, sai kuma idanunsa suka cika da ƙwalla.

"Farin cikina... don Allah ki yi wa mahaifinki magana."

Da yamma na kai wa Tatay kunun shinkafa, na shirya duk abin da zan faɗa. Kafin in buɗe baki ya kamo hannuna da hannunsa mai lafiya.

"'Yata... an samu sababbin ɗalibai?"

"Da yawa, Tatay."

Ya lumshe ido yana murmushi. Na haɗiye maganata.

Efren ya tafi shi kaɗai. Na ci gaba da koyar da waƙa da tarihi, azuzuwa suna ta raguwa, malamai suna ta ajiye aiki. Kiransa ma ya ragu, har ya daina.

Da damina ta uku Tatay ya rasu. Ba a jima ba hukumar kwalejin ta ce a rufe, za a yi otal a wurin.

Ranar da aka rufe ƙofa na kira Efren a waya.

"Efren... ni ce. Babu abin da ya riƙe ni yanzu."

Ta cikin wayar na jiyo kukan jariri.

"Ning... namiji muka samu, ni da matata Corazon."

"Barka!" na ce, murya ƙasa-ƙasa. "Allah ya raya."

Na kashe wayar, na zauna a kan matakala, na yi kukan da ban yi ba ko a jana'izar Tatay.