Ƙofar Falwaya

"Wayyo gwiwoyina..." ta faɗa a ranta, a fili kuwa murmushi take yi wa Umma, mahaifiyar kafintan da zai aure ta.

Tunda ta shigo falon take tafiya gwiwa a lanƙwashe cikin doguwar riga, don kada a ga ainihin tsawonta. Tun tana ƙarama ake kiranta Falwaya, wai tsawonta kamar turken wutar lantarki, har ta saba duƙawa ko a ƙofar da raƙumi zai wuce. Shi kuwa kafintan da ke sonta, in ya tsaya iyakarsa kafaɗarta.

'Yar ƙanwar Umma, wadda ta daɗe da sa ran auren kafinta, ta yi mata kallon sama da ƙasa.

"Baiwar Allah, ɗan ɗauko mana tiren shayin can mana."

Ta ɗauko. Tana tafe kamar agwagwa, kofuna na kaɗawa, cinyoyinta na rawa.

"Kin gani ko, Umma? Na faɗa miki ƙafarta ba lafiya!" in ji 'yar ƙanwar.

Umma ta riƙe haɓa, ta dubi ɗanta. "Kai, jinya za ka kwaso mana? Ban amince ba."

Kafinta ya buɗe baki. Falwaya ta girgiza masa kai.

In ta miƙe, a yi mata dariyar da ta sani. In ta ci gaba da duƙawa, ta rasa shi a kan cutar da ba ta da ita. Ko da an karɓe ta a haka, shi ke nan har tsufa za ta zauna a durƙushe? Wa ta yi wa laifi da ta yi tsawo?

Ta ajiye tiren.

Ta fara miƙewa...

Tana miƙewa, wuyan Umma na ɗagawa. Har ɗankwalinta ya shafi igiyar fanka.

"Lafiyata ƙalau, Umma. Haka Allah ya yi ni. Na gaji da ba mutane haƙuri."

"Innalillahi! Ba ta ƙarewa ne?" in ji 'yar ƙanwar.

"Nan na ƙare. Af, ga ƙura a saman kabad ɗin nan, wa ke shara?"

Sharar kuwa aikin 'yar ƙanwar ne.

Umma ta tuntsire da dariya har da hawaye. "Kaf zuri'armu babu wanda ya taɓa ganin saman kabad ɗin nan! Zo ki zauna, 'yata, wuyana ya gaji."

Da kafinta ya rako ta, ya bi da ita shagonsa. Cikin ƙurar katako ga wata ƙofa a jingine, doguwa, tana ƙanshin fenti.

"Ta wace ce wannan?"

"Ta ɗakinki ce, hasken idona. Tun ranar da kika manta kika miƙe kina tsinko mangwaro na auna ki da ido."

"Ka sani, ka bar ni ina wahala?"

"Sau nawa na faɗa miki ina son tsawonki? Kika ce zolaya ce."

Ranar da ta tare, da kanta ta tura ƙofar. Ta shiga kai a sama, ko ɗankwalinta bai goce ba.