Kwana Uku Kan Ɗa Guda

Ranar kasuwar Mayahi suka fara haɗuwa, a rumfar mai cajin waya. Furera 'yar Tasawa ta zo amsar wayarta, sai ta hango wani dogon saurayi da rawani ya duƙufa kan wasan dam a tasa wayar. Ta leƙa, ta ja tsaki.

"Malam, wannan ɗan da ka tura, ai kyauta ka bayar."

Ya ɗago, ya manta da wasan gaba ɗaya. Sunansa Sidi, makiyayi daga Isawan, kuma a faɗarsa ba a taɓa cin shi ba.

"To yau ka gamu da ni," in ji ta.

Nan take suka buɗe wasa, irin wanda kowa ke da kwana uku kafin ya tura ɗa, ga wurin hira a ƙasan allo. Kafin wata ya ƙare hira ta fi wasan yawa, so ya kama su ba shiri.

Sai Imrana, ɗan baffanta da ya daɗe yana ɗawainiya da sonta, ya kai gulma ga mahaifinta, Malam Isufu. Shi kuwa ya hana kira, ya sa ta goge lambar Sidi. Wasan kaɗai ya rage musu, in ya ƙare hirar ma ta rufe.

Ga shi kuwa Furera ta yi masa kaca-kaca, 'ya'yanta bakwai, nasa biyu. Daga nan Sidi ya tsiri jan ƙafa, sai awar ƙarshe ta kwana na uku yake tura ɗa. Kai, abin ya ƙona mata rai! Ta sha fama da irinsu a wasan nan, masu barin ka kana jira don sun ga za su faɗi.

Ta rubuta masa: "Kunkuruna, rezon waya ne babu a Isawan, ko kunyar faɗuwa?"

Ya amsa: "Sanyin idona, wallahi na san kin ci ni. Amma in na tura na ƙarshe, ta ina zan ƙara jin ki?"

Ta yi kuka, don tana son shi kamar me. Amma ba ta sauko ba. Ta kai wa mahaifinta wayar da hannunta.

Malam Isufu tsohon ɗan dara ne, ya duba allon sau ɗaya ya gane.

"Wanda ba ya iya cewa an ci shi, shi zan ba ɗiyata? Haka zai ja ki a komai."

"Baba, ka yi haƙuri, Imrana dai ba na son shi. Sidi kuma in bai gyara ba, ni da kaina zan bar shi."

A gabansa ta rubuta: "Ba na auren mai ɓuya bayan agogo. Ka faɗi kamar namiji, sannan ka biyo ta ƙofar gidanmu. In ka ƙara cika kwana uku, kada ka neme ni."

Kwana biyu shiru. Imrana har ya fara washe baki.

Da hantsin na uku babur ya tsaya a ƙofar gida, Sidi ne da kawunsa Almustapha. Ya durƙusa a zaure gaban Malam Isufu, ya fito da waya, ya tura ɗansa inda za a cinye.

"Baba, ɗiyarka ta ci ni. Na ja mata rai wata biyu, ban kyauta ba."

Daga cikin gida Furera ta kwashe 'ya'yan biyu a tashi ɗaya, wayarsa ta yi ƙara a hannunsa. Sai Malam Isufu ya ce a kawo wa baƙi fura.

Bayan girbin gero aka ɗaura aure. Malam Isufu ya dafa kawunansu.

"Allah ya yi muku albarka. Duk wanda ya ɓata wa ɗan'uwansa a cikinku, kada ya kai gobe bai ce ya yi laifi ba."

Suka ce amin tare.