Harsashin da Ya Huda Bangon Tela

Matar tela ce ta kawo masa abincin rana ta tarar da shi kife a kan keken ɗinki, jini ya jiƙa yadin da yake ɗinkawa. Harsashi ya shiga kafaɗarsa ta baya. Babu wanda ya ji ƙarar bindiga, domin mai walda na tsallaken titi yana ta aiki tun safe. Kafin Sufeton 'yan sanda ta iso an wuce da tela asibiti, 'yan layi kuma sun gama yanke hukunci cewa ɓarawo ne ya harbo ta ƙofa.

Sufeto ba ta musa musu ba. Ta zauna a kujerar tela, ta ga ƙofa tana gabanta, bango ne a bayanta. Ta ɗaga atamfofin da aka rataya a wurin, sai ga rami a jikin bulo, garin siminti ya zubo ƙasa. Ta mayar da atamfofin yadda suke, ba ta gaya wa kowa ba.

Bayan bangon akwai wani ɗaki mai dogon teburi, an jera masa ƙananan sojojin katako da gidaje da motocin sulke. Mai ɗakin matashi ne da ake yi wa laƙabi da Farfesa. Wasan yaƙi yake tsarawa, yana son ya fitar da shi kasuwa. Mutum uku ke da makulli: shi, da kawunsa tsohon soja, da kafintan da ke sassaƙa masa sojojin. A daidai saitin ramin, sabuwar kantar ajiye kaya ce cike da kwalaye. Sufeto ta tara su ukun a ɗakin.

"Akwai bindiga a nan?" in ji Sufeto.

"Tawa ce, da lasisinta," in ji kawu. "Tana cikin durowa. Tun da hannuna ya fara rawa ban sake taɓa ta ba."

An buɗe. Bindigar tana ƙamshin sabon mai.

"Ina kake da hantsi?"

"Gida, ina faɗa da jikoki a kan rediyo."

Kafinta ya ce yana kasuwar katako. Farfesa ya ce ya je wurin masu buga kwali. Duk wuraren cike suke da jama'a, babu wanda zai iya rantsewa a kan lokaci.

"Yaya ake wasan?" ta tambaya.

Fuskar Farfesa ta ɗan saki. Ya ce idan soja ya yi harbi, sai a jefa ɗan ludo. Kowace mafaka da lambarta: ƙofar katako biyu ce, buhun yashi biyar, rigar sulke huɗu. In ɗigon ya zarce lambar mafaka, harsashi ya huda.

"Bangon bulo fa?"

Kawu ya yi dariya. "Nan ne rigimar, 'yata. Yaran nan biyu sun dage wai ƙaramar bindiga ba ta huda bulo, ko jifa ma ba sai an yi ba. Na ce musu bulo cikinsa iska ce. Suka ce tsufa ke damuna. Kullum sai su tara sojojinsu bayan bango kamar kaji a akurki."

"To ku buga in gani. Kawu, ni da kai ɓangare guda."

Aka jera. Kafinta ya kwashi sojojinsa ya laɓe da su bayan bangon bulo, yana fito. Farfesa ya ɗauki nasa soja, hannunsa ya nufi bangon, sai ya tsaya. Ya zagaya da shi ta fili, ya kai shi can bayan buhunan yashi.

Sufeto ta nuna sojan kafinta. "Na harbi wannan ta cikin bango."

"Ba ya hudawa, ranki ya daɗe," in ji kafinta. "Doka ce."

"Haka ne, Farfesa?"

Yana kallon ɗan sojan da ke bayan bangon.

Ta miƙe ta ture kantar gefe. Simintin da aka liƙe ramin da shi bai gama bushewa ba. Kafinta ya buɗe baki, ya kalli ramin, ya kalli bangon wasan.

"Duk layin nan an ɗauka ta ƙofa aka harbi tela," in ji Sufeto. "Kawu ya san bulo ba ya tare harsashi, ba zai harba a bangon da mutum ke bayansa ba. Kafinta har yanzu bai sani ba, shi ya sa ya ɓoye sojojinsa a can. Kai kuwa Farfesa, jiya kana tare da shi, yau ka canza. Wa ya koya maka?"

Farfesa ya zauna. Ya ce faifan ƙarfe ya jingina da bango, ya ɗora katako a kai, sannan ya harba da bindigar kawu. So yake ya tabbatar da lambar rigar sulke kafin a buga kwalin dokoki, don kada masu saye su yi masa dariya. Ya zaɓi lokacin da mai walda ke aiki. Ya ɗauka ko ƙarfen ya gaza, bango zai riƙe.

"Da ka ga ramin, ka leƙa shagonsa?"

"A'a."

"Siminti ka kwaɓa."

"Eh." Ya ɗago kai. "Yana raye?"

"Yana raye. Likita ya ce da wuya hannun ya sake juya keke. Da an kai shi da wuri, da labarin ya bambanta."

Ta saka bindigar a leda, ta yi wa ɗan sandan da ke ƙofa alama. Da za a fita da shi, Farfesa ya juyo ya ce, "Kawu."

Tsohon bai ɗago ba. Ya tambayi Sufeto wane asibiti aka kai tela, ya ɗauki sandarsa ya fita.