Zafi a Cikin Silin

Ana idar da sallar magariba fitilun falon suka fara ƙyaftawa, suka ɗauke, suka dawo, suka sake ɗaukewa. Maigidan, wanda unguwa ke kira Injiniya saboda shekara ashirin yana haɗa wa mutane wuta, ya ja dogon tsaki. Fitilun LED ne masu kama da igiya. Da hannunsa ya zagaye falon da su, ya ɓoye adaftar da ke rage musu ƙarfin wuta a cikin silin don kada ta ɓata ado. Adafta biyu sun riga sun ƙone, wannan ce ta uku. Ya zagi mai shago, ya zagi masu kawo wuta, babu wanda ya tsira daga bakinsa sai shi kansa.

A daren ne aka fara jifa. Ba daga waje tsakuwar ke zuwa ba, daga cikin silin take dukan katako, daidai inda adaftar take. Matarsa ta ce a nemo malami, ya ce ɓera ne. Takaici ya ishe shi, don har an fara yi masa dariya a bakin titi, wai gidan mai gyaran wuta ne ke kwana a duhu.

Sai abin ya koma kan Auta, 'yarsa mai shekara sha huɗu. Da rana ta faɗi sai ta zo ta tsaya ƙarƙashin wurin, ta ɗaga kai, ta ƙura ido. Kwana uku ba ta ci ba, ba ta ce uffan ba. Wannan kam ya karya masa zuciya, ya bar yayan matarsa ya kawo malamin.

Malam ya zauna da magariba ya yi ta karatu. Gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai zizar adaftar a sama. Can bakin yarinyar ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito, a gajiye. Ta ce tun da aka rufa gidan take zaune a silin da jikokinta, ba ta taɓa kowa ba. Ta ce ta yi jifa har hannunta ya gaji, ba a kula ta ba, shi ya sa ta ari bakin yarinyar.

"Zafi ya hana mu zama, Malam. Tambaye shi nauyin da ya ɗora wa abin nan."

Injiniya bai so ba, amma kansa ya yi lissafin. Adaftar wat sittin take ɗauka. Igiyar fitilun falon mita biyar ce, kowace mita wat tara, arba'in da biyar ke nan, lafiya lau. Daga baya Auta ta roƙi hasken karatu, ya ƙara mita biyar zuwa ɗakinta a kan adaftar nan dai. Casa'in a kan sittin. Shi da kullum yake gaya wa masu ba shi aiki cewa dole adafta ta fi ƙarfin kayanta, a bar mata rarar numfashi. A gidansa ne kawai bai taɓa ɗaukar biro ba. Kunya ta kama shi gaban matarsa da surukinsa, ta juye ta zama fushi.

"Yanzu aljana ce za ta koya mini aikina?"

Malam ya ɗaga masa hannu, ya umarci tsohuwar ta fita. Ta ce za ta fita, amma sai mutumin nan ya hau ya ɗora tafinsa a kan abin, ya ƙirga goma. In ya ƙi, tana nan, don ba ta da inda za ta kai jikoki.

Injiniya ya dubi Auta, leɓɓanta duk sun bushe. Ya jawo tsani, ya cire murfin silin, warin ƙonanniyar roba ya doki hancinsa. Ya ɗora hannu. A uku ya ji kamar ya dafa tukunya a kan wuta. A shida hawaye suka zubo masa. Bai ɗaga ba sai da ya kai goma. Da ya janye adaftar, ya ga katakon da ke ƙarƙashinta ya zama gawayi, da ɗan ja yana ci a gefe, kuma daga nan zuwa saman gadon Auta bai fi taku biyu ba. Ya fizge wayar wutar, gidan ya yi duhu.

A ƙasa yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta. Malam ya kunna fitilar wayarsa. Injiniya ya sauko a hankali, yana riƙe da hannun da ya tashi.

"Baba, me ya sami hannunka?" in ji Auta, da muryarta ta ainihi.

Ya dubi matarsa, ya dubi surukinsa, ya durƙusa gaban yarinyar.

"Ni na yi kuskuren lissafi, Auta. Saura kaɗan in ƙone ki."