Bargon Wanda Ba a Binne Ba

Shekarar da sanyi ya daskarar da tumakin yankin Mokhotlong a tsaye, ƙasa ta ƙi haƙuwa. Sai Sekhonyana ya ajiye gawar wansa a garke, ya yaye bargon da ke jikinta ya lulluɓa.

Da dare wani ya turo ƙofa babu ko gaisuwa, ya tsuguna gaban wuta, kai a sunkuye.

"Kai, gidan ubanka ne?" in ji Sekhonyana. "Fita!"

"Gidan ubana ne mana." Muryar kamar ana taka ƙanƙara.

Wuta na ci, amma ƙanƙarar da ke gashinsa ta ƙi narkewa. Ya miƙo hannu ya damƙi bakin bargon.

Sai mamacin, wan Sekhonyana, ya ce, "Maras kunya. Kai kaɗai kake jin sanyi?"